Ɗakin Waɗanda Ba a Zuwa Dubawa

Takalmi kawai na je kai masa. Ina so a fara sanin wannan, domin har yau dangin ubansa cewa suke da shiri na tafi, wai niyyar sato shi na yi tun daga gida. Wallahi silifas ne a leda, sai sabulu da ɗan man shafawa.

Ɗana ne na fari, mai gyaran wutar lantarki. Sunan mahaifina aka sa masa, shi ya sa nake ce masa Babana. Bayan rasuwar ubansa ciwon ya kama shi. Ya daina barci, ya daina wanka, ya riƙa kwance soket ɗin gida yana cewa akwai masu magana a cikin wayar wuta. Wata rana baffansa ya zo da mota da ƙarti, aka ɗauke shi sai asibitin masu taɓin hankali da ke bayan gari. Ni karatuna bai yi nisa ba. Abin da masu ilimi suka ce, shi nake bi.

Ni mace ce mai mita, kowa ya san ni. Marigayin ma yakan ce bakina ba ya zuwa hutu. Tun Babana yana ƙarami nake binsa da faɗa: wanke hannu, rufe ƙofa, sa takalmi. Amma da ciwon ya zo sai na haɗiye duk wannan. Na koma lallashi, ina magana da shi kamar mai riƙe da ƙwai.

Asibitin yana da tsarinsa na ziyara. Da yamma nas takan tsaya a bakin doguwar baranda, ta ɗauki wata ƙararrawar hannu da ke kan teburinta ta kaɗa, sannan ta yi kira. Ba da suna suke kiran marar lafiya ba, da gadonsa ne. "Gadon bakin taga, kana da baƙuwa!" Shi ne ɗana. Sai ka ga ya fito yana ja da ƙafa.

Waɗanda ba a zuwa dubawa kuwa, kafin a kaɗa ƙararrawar ake tattara su a kai wani ɗaki a ƙarshen barandar, a zaunar da su gaban talabijin. Nas ta ce in ba haka ba sai su cika bakin ƙofa suna leƙen baƙin wasu, har da masu kuka. A ɗakin akwai tsohon bidiyo, kaset ɗaya ya maƙale a cikinsa shekara da shekaru, an rasa mai ciro shi. Saboda haka fim ɗaya suke kallo kullum. Tsohon fim ne marar kala, da wani yaren da ba na ji. An ce ya yi suna ƙwarai a zamaninsa, wani likita ne ya kawo shi. Abin takaicin, labarin asibitin mahaukata ne. Na taɓa leƙawa na ga wani dogon benci da mutane jere a kai, da wata babbar ƙofa, da nas mai farar hula. Na ce da nas ɗinmu, "Yanzu ku rasa abin da za ku nuna musu sai kansu?" Ta yi dariya ta ce, "Mama, ai shi ke kwantar musu da hankali. Duk wanda ya daɗe yana kallonsa sai ki ga ya yi shiru, ya samu sauƙi."

Akwai wani dattijo a cikinsu da ake ce wa Tela. Shi bai samu irin wannan sauƙin ba tukuna. Ko a zaune yake ƙafarsa na taka keken ɗinkin da babu. Duk ya ga mace mai leda sai ya taso. "'Yar uwa, ba ki ga 'yata a hanya ba? Doguwa ce, tana da wushirya." In ce ban gan ta ba, ya ce, "To, mota ce. Motocin nan ba su da tabbas."

Ana nan sai likita ya kira ni ofishinsa. Ya ce duk na tafi ɗana sai ya yi ta dukan ƙofa, kuma ya fara cewa yana jin muryata ko ba na nan. Ya ce in dakata da zuwa sai sun neme ni. "Za mu koya masa," in ji shi, "duk muryar da ya ji, in ba a kaɗa ƙararrawa an sanar ba, ya toshe kunne ya ce ba kowa." Na ce to. Baffansa ya ce ai dama shi ya faɗa, ni ke lalata yaro. Su da ba su taɓa taka ƙafa asibitin ba tun ranar da suka ajiye shi.

Na zauna ina jira. Wayata ko banɗaki da ita nake shiga. Ba su kira ba.

Maƙwabciyata mai kai kayan miya kicin ɗin asibitin ita ta shigo rannan da la'asar. Ta ce ta hango shi ana wucewa da shi ɗakin kallo, ba takalmi, dugadugansa duk sun tsage. "Amma an ce ya fara samun sauƙi," ta ce, "ya rage magana."

Maganar ba ta kwanta mini ba. Ban san dalili ba a lokacin. Na yafa mayafi, na tsaya kasuwa na sayi silifas, na hau mota.

Motar ta mutu a hanya. Kafin a gyara rana ta yi ja. Inda aka sauke ni zuwa asibitin akwai 'yar tafiya, hanya ce mai dogayen itatuwa gefe da gefe, ba gida ko ɗaya. Tsuntsaye na ta hayaniyar komawa sheƙa. Ina isowa jikin katangar asibitin suka yi tsit, kamar an rufe musu baki.

Mai gadi yana kan kujerarsa da buta a gefe. Ya san ni.

"Mama, an tashi ziyara. Masu aikin rana sun tafi, na dare ba su ƙaraso ba."

"Takalmi zan miƙa masa, ɗan nan. Ko zama ba zan yi ba."

Ya dubi ledar, ya dubi sama. Ya rage murya.

"Yana ɗakin kallo?"

"Haka aka ce mini."

Sannan ya zare sakata a hankali.

"Ki shiga da addu'a. In kin miƙa ki fito. Kada ki zauna a bencin nan, kuma kada ki tsaya kallo. Ba mutane kaɗai ke kallon fim ɗin nan ba."

Barandar ta fi yadda na san ta tsawo. Ƙwan fitila ɗaya ke ci, shi ma yana kyafta ido. Warin maganin goge ƙasa, da zarnin fitsari, da na tsohon bargon da bai ga rana ba. Teburin nas ba kowa. Kofin shayi da ƙuda a bakinsa, ƙararrawar tana kife kusa da shi. Ba na jin komai sai ƙarar takalmina da kukan wata fanka can ciki, ƙiii, ƙiii.

Da na matso ƙarshen barandar sai warin ya canja. Ya koma na toka mai sanyi, irin ta murhun da aka zuba wa ruwa.

Ƙofar ɗakin kallo a buɗe take kaɗan. Na tura.

Ba fitila. Hasken talabijin kaɗai ke wanke fuskokinsu. Suna jere a kan benci, hannuwa bisa gwiwa, baki a ɗan sake. Ba mai tari, ba mai susa. Ƙafar Tela kaɗai ke motsi, tana taka kekenta. Kusa da shi ɗana ne. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ƙafafunsa a kan siminti, fari fat da kaushi.

"Babana," na ce a hankali. "Babana, ni ce."

Kafaɗarsa ta motsa. Ya ji ni. Sai ya ɗaga hannu biyu ya toshe kunnuwansa.

"Ba kowa," ya ce. "Ba kowa. Ba kowa."

Na matsa na taɓa kafaɗarsa. Sanyi kamar randa. Ya ƙara matse kunnuwa, idonsa bai bar talabijin ba.

Mai gadi ya ce kada in kalla. Na kalla.

Wurin dogon bencin nan ne. Mutanen cikin fim suna zaune suna fuskantar babbar ƙofa. Da can da na leƙa bencin bai cika haka ba. Yanzu ya kusa cika. Na ƙura ido. Na uku daga gefe yana da tabo a goshi. Na juya na dubi bencin da ke gabana. Ga mai tabon nan zaune, yawu na zuba a haɓarsa.

Na sake duban fim. Mai guntun kunne. Na juyo. Ga shi nan.

Ɗaya bayan ɗaya na gane su. Duk waɗanda aka ce sun samu sauƙi suna cikin fim ɗin, a zaune, suna jira. Na cikin ɗaki kuwa kamar rigunan da aka cire aka jingine.

A ƙarshen bencin fim akwai sauran wurin mutum biyu.

Na fara A'uzu billahi, harshena ya yi nauyi.

Nas mai farar hula ta shigo cikin fim. Ta ɗaga ƙararrawa ta kaɗa. Ƙarar ba daga talabijin ta fito ba. Daga cikin bango ta fito, daga ƙarƙashin ƙafata.

Ta buɗe baki. Fim ɗin da ban taɓa jin kalma ɗaya a cikinsa ba, yau da harshenmu ta yi magana, tar.

"Gadon bakin taga, kana da baƙuwa."

Ɗana ya sauke hannuwansa daga kunne.

Babbar ƙofar fim ta buɗe. Wata mace ta tsaya a bakinta, ta ba mu gefe. Mayafina ne a kanta, har da ɗinkin da na yi wa bakinsa. Leda a hannunta.

"Babana," ta ce.

Muryata ce. Amma ba ni da irin wannan taushin. Ko ranar da na haife shi ban kira shi da daɗi haka ba.

"Taso, Babana. Taso ka huta."

Ya miƙe.

Na riƙe rigarsa. Ya ja ni kamar ba na nan. "Babana, kada ka je, ni ce Ummanka, ga ni nan!" Ina kuka ina lallashi. Bai ko waiga ba. Ita aka sanar. Ni ba a sanar da ni ba. Abin da suka koya masa ke nan, kuma ya koya da kyau.

Na sake shi na ruga baranda.

Ban san ina da gudu ba sai rannan. Na fizgo ƙararrawar daga teburin nas, kofin shayi ya faɗi ya fashe. Na dawo ina haki.

Ya kai gaban talabijin. Ya miƙa hannu. Gilashin yana motsi kamar ruwan da aka hura.

Na kaɗa da duk ƙarfina. Na buɗe murya, na kira ɗan cikina da sunan gado.

"Gadon bakin taga! Kana da baƙuwa!"

Ya tsaya.

Bai juyo ba. Hannunsa na miƙe a iska.

"Babana," in ji ta cikin fim. "Kada ka kula. Ba kowa."

"Babana," na ce ni ma, "zo, ɗana."

Murya biyu, iri ɗaya. Kansa ya juya nan, ya juya can. Ya ɗaga ƙafa zai ƙara taku zuwa wurinta.

A hasken nan na ga dugadugansa sosai. Tsagar ta yi zurfi, jini ya bushe a ciki, ƙasa ta cika ta.

Ban san daga ina ya zo ba. Ba dabara ba ce. Haushi ne kawai ya taso mini tun daga ciki, na likita, na baffansa, na kaina, duk ya fito ta baki.

"Kai don gidanku! Dubi ƙafarka! Ƙaton banza, gemu har wuya, kana yawo a siminti ba takalmi kamar ɗan akuya! Sau nawa zan faɗa maka? Ni ka mayar baiwarka, in yi ta saye kana zubarwa? Juyo nan ka sa takalmin nan kafin in ci mutuncinka!"

Ɗakin ya yi tsit. Har fanka ta tsaya.

Ya juyo a hankali. Ya dube ni. Idonsa ya kawo ruwa.

"Umma ce," ya ce, can ƙasa. "Waccan ba ta faɗa."

Na yar da ƙararrawar, na cafke hannunsa.

Sai matar cikin fim ta juyo gaba ɗaya.

Fuskata ce. Amma sumul, ba layi ko ɗaya, kamar ta wadda ba ta taɓa kwana tana jiran kowa ba. Tana murmushi. Idonta ba ya kiftawa.

Ba ɗana take kallo ba. Ni take kallo.

"Ke ma kin gaji," ta ce. "Akwai wuri."

Wallahi na ji daɗin maganar. Ba wanda ya taɓa ce mini na gaji. Bencin yana nan dab da ni.

Ɗana ne ya ja ni. "Umma, mu tafi."

Na samu bakin Ayatul Kursiyyu. Muka ja da baya, ledar ta yage, silifas ɗaya ya faɗi.

Murmushinta bai gushe ba. Sai fuskar ta fara narkewa, tana sake zubi. Ta ƙara tsawo. Ta yi ƙuruciya. Ta buɗe baki, ga wushirya.

"Baba," ta ce. "Mota ce ta ɓata mini lokaci."

Ƙafar Tela ta tsaya.

"Tela!" na yi ihu. "Ba ita ba ce! Zauna!"

Ni wace ce a wurinsa? Hannu biyu gare ni, duka suna riƙe da ɗana.

Daga bakin ƙofa na waiga. Na ga Tela yana tafiya wajen hasken yana gyara wuyan riga. Na kuma ga Tela zaune a benci, hannu bisa gwiwa.

Muka ruga.

Ƙararrawar cikin bango ta bi mu har ƙarshen baranda. Warin toka a bayan wuyana. Ban sake waigawa ba.

Mai gadi yana tsaye ya riga ya buɗe ƙofa. Ya dubi ɗana, ya dubi takalmi ɗaya da ke hannuna. Ya kau da kai wajen butarsa.

"Ni alwala nake," ya ce. "Ban ga kowa ba."

Washegari baffansa ya zo ya yi ta ruwan masifa a tsakar gida, wai na kunyata su, na sato mahaukaci. Na ce duk mai son mayar da shi ya fara bi ta kaina. Daga baya aka samu wani likita a cikin gari, yana ba shi magani muna karɓowa. Nas ɗin asibitin ta kira ni sau ɗaya, kiran da na yi ta jira bai zo ba sai da ba na bukatarsa. Ta ce na yi ganganci, ana gab da nasara na katse. Na tambaye ta Tela. "Ai Tela alhamdulillahi," ta ce, "ya samu sauƙi. Ya daina tare mutane da tambaya." Na roƙe ta su kashe talabijin ɗin nan, su fasa bidiyon. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Mama, ko ke ma za ki zo a duba ki ne?"

Ɗana yana gida yanzu. Yana cin abinci, yana barci, har yakan gyara wa maƙwabta fitila. Talabijin ɗinmu na bayar da ita. Silifas ɗin da ya rage yana ƙarƙashin gadona, ban san me ya hana ni yar da shi ba. Wani lokaci nakan tuna sauran wuri ɗaya a ƙarshen bencin nan, in tashi in leƙa ɗakinsa.

Abu ɗaya ne bai dawo ba. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da shi, na zauna a bakin gadonsa na shafa kansa, na manta na ce, "Sannu, Babana. Huta." Sai jikinsa ya sandare. Ya toshe kunnuwa yana makyarkyata. "Ba kowa. Ba kowa." Bai dawo hayyacinsa ba sai da na daka masa tsawa na ce ya tashi ya sha magani, malalacin banza. Nan ya yi ajiyar zuciya, ya kama hannuna.

Tun daga ranar ban sake yi masa magana mai taushi ba. Da faɗa nake tashinsa, da faɗa nake ba shi abinci, da faɗa nake masa sai da safe. Maƙwabta suna ji ta katanga. Matar baffansa tana yawo a dangi tana cewa ba ta taɓa ganin uwa marar tausayi irina ba, yaro ba lafiya amma ko sannu ba ya samu.

Jiya da magariba ya dawo daga aiki a gajiye, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona, yana jira. Sannu da zuwa ta zo mini har kan harshe. Na haɗiye ta.

"Sai yanzu?" na ce. "Dubi rigarka kamar ta mai gyaran mota. Wuce ka wanke hannu."

Ya yi murmushi, ya shigo.